Mako na Goma Sha Uku

Takardar hukuma mako goma sha biyu ta ce.
Ba ta faɗi inda yaro zai sa hannuwansa
ranar Litinin ta goma sha uku ba.

Yamandú ya iso gonarmu a Tacuarembó cikin sanyin Yuli,
hula har gira, muƙamuƙi a ɗaure,
makaranta uku sun sallame shi, ƙofa biyu ya ɓalla.
Muka haɗa shi da Ceniza, goɗiya mai launin toka
wadda ita ma wani ya taɓa koya mata tsoron hannu.
Kwana tara suna kallon juna ta wutsiyar ido.
Ran na goma ya zauna kan bokiti, ya juya mata baya,
ta zo da ƙafarta ta hura masa numfashi a ƙeya.
Ban rubuta wannan a rahoto ba. Babu layinsa.

Yau ga shi bakin titi da jakar leda,
motar Montevideo tana tafe, sa'a biyar zuwa gida,
zuwa bene hawa na shida inda ko akuya ba ta kwana.
Bai yi wa goɗiyar sallama ba.
Ya ce doki ne kawai.
Gashin gezarta na maƙale a zip ɗin rigarsa.

Da yamma na ƙirga kayan barga:
buroshi takwas, ragama takwas,
ƙugiyar sakace kofato bakwai.
Na rubuta: ta ɓata a ciyawa.

Aikina yanzu na waya ne, duk Alhamis,
da ɗan duman shayin mate yana hucewa a gefena.
Na samo masa gurbi wajen Don Aparicio mai facin taya,
na roƙi tsohon: kada ka zo masa ta baya,
kada ka ɗaga murya kafin ya ga fuskarka.
Ya yi dariya, ya ce yaro kika kawo min ko dukushi?

Alhamis ta huɗu Yamandú ya ɗauka a ƙara ta farko.
Wani direba ya zage shi har uwa kan kuɗin faci.
Ya ce, Zulma, sifana na hannuna,
dokin zuciya ya zo har gabana da sirdinsa.
Na ce, ka hau?
Ya yi shiru, ina jin motoci suna wucewa.
Ya ce, na sauke kafaɗa, na fitar da iska a hankali,
yadda nake yi in Ceniza ta kwantar da kunne.
Sai mutumin ya rasa abin tunkuya.

Kada in yi muku ƙarya, ba kowa ke ɗauka ba.
Maitena, wadda ta fi kowa iya zama kan sirdi,
wata biyu ke nan lambarta a kashe.
Ina kira dai.
Shi ma Yamandú ya bar facin a watan Nuwamba,
ya kwana uku ba a san inda yake ba,
ya dawo, yana wanke kwanuka kusa da tashar jirgin ruwa.
Ciwon da ya shekara goma sha shida yana shiga
ba ya fita don an buga hatimi.

Jiya aka kawo sababbi shida.
Wata ƙaramar yarinya ta tsaya nesa da shinge, hannu a hammata.
Ceniza ta ɗaga kai, ta ci gaba da kiwonta
ƙarƙashin itatuwan turare.
Ba ta tambayi kowa ba. Ba aikinta ba ne.
Tambaya tawa ce.

Ran Alhamis ya aiko hoto, ba ko kalma:
tafin hannu, farare da ruwan sabulu,
a tsakiya ƙugiyar nan tamu,
ya ɗaura mata mabuɗin ɗakin da ya kama haya.